Icce Mai Numfashi

Birnin Kebbi, shiyar Nasarawa

Zuwa ga yayana Maigandi, bakin gulbi, Argungu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina Baba da ciwon gwiwa, ina Goggo Laure da bakinta, ina matarka Sauda da yara? Ni lafiya lau nike, har kumatu na aje.

Dikko direba ya isar mini da saƙonka a tasha, gaban masu rake, da ƙarfi kamar mai shela. Wai in tattara tsummokarana in komo gida tun su, bikin kamun kifin nan, bai taho ba. To ga amsa da hannuna, da ajamin da Malam yac cusa mini da bulala: ba ni tahowa yanzu. Ka zauna ka ji dalili kafin ka ɗaure fuskar nan taka.

Ka san maigidana Alhaji Abdussamadu, mai kai albasa Legas. Bara yag ga wani akwatin gilashi a shagon wani Kwara, Balarabe, can Legas, cike da ruwan teku da kifi a ciki, ransa yab biya. Motar da tak kai albasa ita tak komo da akwatin, da kifayen, da jarkokin ruwan gishiri. Tun ranan duk motar da za ta komo sai ta taho muna da ruwa. Kifayen ba na ci ba ne, Yaya, na kallo ne. Na san nan za ka tofar da yawu. Tofar, ina jiranka.

Akwai wani rawaya, faffaɗa kamar faifai, kullum shina zagaye shina duba abin da kowa ke yi, bai taɓa dariya ba. Na sa mishi Maigandi. Akwai wata 'yar shuɗiya da ba ta kai ɗan yatsa ba, amma ta hana kowa sakat, wannan Goggo ce. Akwai mai ratsin ja da fari, in an zuba abinci shi ne farko, in an zo gyara sai shi ɓuya bayan dutse. Ba sai na gaya maka sunansa Tamba ba, ɗan ƙanen Baba. Sauran biyun ban raɗa musu ba tukun, ina jiran su nuna hali.

Yanzu ga aikin. A gulbi kifi shina kashi ruwa shi tahi da shi. A akwati ba inda za shi, nan za su sha abinsu su mutu. Don haka akwai wani bututun gilashi da ake ratayawa a gefe. Ana hura iska ta gindinsa, iskar ta watse ta zama ƙananan ƙwayoyi, su hau sama suna kwasar dauɗa, su zama kumfa, kumfar ta tuntsure cikin wani kofi da ke bisa. Ni nike ɗebe kofin in zubar. Warinsa ya fi na kwandon kifin da yaw wuni a rana. A ruwan gulbinmu abin ba shi aiki, na gwada da ruwan randa, ko kumfar fitsari bai yi ba. Sai da gishiri.

Biyu Alhaji yas sawo. Babba mai injin kansa, shina gurnani kamar injin niƙa, da ƙarami mai ɗan famfon iska. Alhaji babban yaka so, ka san manya da son babban abu. Munka rataya shi, yaf fi ƙarfin akwatin, yay yi ta aman ruwa bisa dardumar matar Alhaji, Hajiya Umma, kifayen sunka maƙe lungu guda don tsoro. Kuma in an ɗauke wuta shi ke nan, ya zama gawa. Ƙaramin kuwa batirin mota ma shina tada shi. Alhaji yac ce, "Hodi, tunda kai za ka zauna da shi, zaɓi." Na zaɓi ƙaramin. A rayuwata ba a taɓa ce mini zaɓi ba, sai dai a ce mini bari.

Saita shi kuwa ya fi lallashin amarya. In ka buɗe iska da yawa, kofi shi cika da ruwa tsararo kamar shayin gidan rowa, ka yi asarar ruwan teku a banza. In ka rage da yawa, kumfa ta tsaya a wuya ta ƙi hawa. Abin da ake so ta hau a hankali, da kauri, baƙi-baƙi kamar ruwan daddawa. Ɗan juyi kaɗan kake yi, ka naɗe hannu ka jira. Ni da ba ni iya zaman tahiya ba tare da na tsokani na kusa da ni ba, yau ni ne nike zaune gaban kumfa kamar mai gadin gawa.

Ga roƙona. Abin da ke watsa iskar wani guntun icce ne fari, kamar ɗan yatsa, da rami a ciki. Iska na shiga ramin ta hita ta jikin iccen, shi yas sa ƙwayoyin ke yin ƙanana. Namu ya tsufa, ya fara baƙi, numfashinsa ya rage, kuma ba mu da wani. Ka sara mini busasshiyar saiwar giyayya irin wadda ke bayan rumfar da muke aje komar kamun kifi, ka ba Dikko. Ina jin za ta yi.

Alhaji ya tahi Umra, daga nan za a duba mishi ido a Jidda. Gaban Hajiya yak kama hannuna yac ce amanar rayukan nan na wuyana. Sai ya komo za ku gan ni.

Ka gaida Baba, ka ce mishi ɗansa ya zama sarkin ruwan da ba shi da kada.

Ƙanenka,
Hodi

*

Argungu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Daga Maigandi ɗan Ummaru zuwa ga ƙanensa Hodi. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Bayan haka, mutanen gida duk lafiya, sai gwiwar Baba da ta ƙara kumbura.

Takardarka ta iso. Na karanta ta gaban Baba da Goggo, na tsallake sunayen da ka sa wa kifi saboda mutunci, amma Sauda ta leƙa ta faɗa musu. Goggo ta ce za ku gamu.

Hodi, kai ne ka shigo unguwa da gudu kana ihu wai giwan ruwa ta maƙale a sheƙar kamun kifin maƙwabcinmu Labbo, maza da mata munka kwasa har da masu jego, munka iske mushen jaki. Kai ne ka sa kwaɗo a butar Liman ranar Juma'a. Kai ne ka aiki Tamba har garin Gulma da ƙafa ya karɓo maganin sanƙo wajen mutumin da bai taɓa wanzuwa ba. Yanzu kuma kana so in ɗauki gatari, ni da iyalina, in tafi haƙar saiwa saboda icce yana numfashi a Birnin Kebbi, don ka samu abin ba abokanka dariya a tasha. Ba zan yi ba.

Ka ji magana ta gaskiya. Bikin su ya matso, an fara gyaran goran shiga ruwa, makaɗa sun fara zagaye. Baba ba ya iya shiga ruwa bana. Tun kakanmu gidan nan bai taɓa sauka gulbin Matan Fada da homar kamun kifi guda ba, kullum biyu ne. Homarka tana rataye inda ka bar ta, wadda Baba ya saƙa maka da hannunsa shekarar da ka sauke Alƙur'ani. Ya ce in faɗa maka, kuma bai ɗaga murya ba, ka kuwa san abin da hakan ke nufi: in aka faɗa ruwa ba ka nan, zai sauke ta ya ba Tamba gaban mutane, da mazauninka a cikin jirgi. Abin da ya bayar kuwa ba ya karɓewa.

Mu Sarkawa kifi muke kamawa mu ci, mu sayar, mu ciyar da iyali. Ba a taɓa jin Basarke yana kwashe wa kifi kashi ba. Ana tambayata a masallaci aikin me kake yi, ina cewa kana gidan albasa.

Goggo za ta zo Birnin Kebbi sunan jikar ƙawarta. Za ta biyo ta ga abin da idonta. Ka haɗa kayanka ku taho tare.

Allah ya shirye ka. Wassalam.

Yayanka,
Maigandi

*

Birnin Kebbi

Yaya Maigandi,

Salamu alaikum. Ina gaida Baba. Sauran gaisuwar ku raba, yau ba ni da yawa.

Goggo ta zo, kuma na san ta riga takardar nan isowa, ta ba ku nata labarin. Ga nawa.

Ta shigo da sallama, Hajiya Umma ta tarbe ta da hura. Da tag ga akwatin sai da ta dafe ƙirji. Ta daɗe tsaye, har na ga bakinta na motsi tana tasbihi. Na nuna mata takwararta, tad ɗaga hannu za ta make ni, amma dariya ta ci ƙarfinta. Wallahi na ɗauka mun shirya.

Sai lokacin abinci yay yi. Na ɗebo ɗan abin da nike ba su a bakin yatsa biyu na barbaɗa. Goggo tac ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Tac ce, "Kai ɗan nema, a gidan mai albasa guda kake horon bayin Allah da yunwa? Dubi cikin wancan kamar an taka shi." Na ce Goggo haka Allah ya yi shi, faffaɗa ne. Na ce don Allah kar ki sa musu komi, kar ma ki taɓa ruwan, ga man shanu a hannunki, maiƙo shina kashe kumfa, in kumfa ta mutu su ma sun mutu. Ta dube ni sama da ƙasa tac ce, "Hodi, ni za ka yi wa? Ni na yanke maka cibi. Kifin da mai ke kashewa ai sai a kasko." Na rantse mata da Allah. Tac ce ranar mushen jaki ma na rantse.

Hajiya ta aike ni sawo ƙanƙara saboda baƙuwa. Kafin in komo Goggo ta kwance bakin zane, ta murtsuke ƙuli-ƙulin da taz zo mini da shi tsaraba, ta zuba musu kamar mai ba kaji dusa, ta kuma ɗauraye hannunta a ciki don kar albarka ta zube ƙasa. Na iske ta tana murmushi, tana cewa, "Ka ga yadda sunka yi rubdugu? Marayun Allah."

Yaya, kumfar da na yi wata da watanni ina reno, gabana ta kwanta kamar an zare mata rai. Bututu sai ruwa ke kai da kawo a ciki. Kafin la'asar akwatin ya koma kamar kunun kanwa. Na kwashe abin da zan iya da rariyar shayi, na juye sauran jarka guda da ta rage, ba ta kai ko'ina ba. Motar Legas kuwa ba ta ko gama lodin albasa ba, balle ta je ta komo.

Washegari da hantsi Tamba na akwati ya juya ciki sama. Shi yaf fi kowa cin ƙuli-ƙulin.

Goggo ta biyo yin bankwana ta iske ni da shi a tafin hannu. Tac ce to a kawo ta soya mini shi, kar a yi asara biyu. Na ce a'a. Na naɗe shi a ƙyalle na haƙa rami gindin lemun Hajiya na rufe shi. Ee, na rufe kifi. Ka faɗa a masallaci in an tambaye ka. Ɗan Ummaru Basarke ya yi wa kifi kabari, kuma bai ji kunya ba. Tun daga teku anka ɗauko shi, ya ƙetare ƙasar nan duk a bayan motar albasa bai mutu ba, sai a hannuna.

Ban yi wa Goggo rashin kunya ba. Na raka ta tasha, na ɗaukar mata ƙunshi. Amma da tac ce in shiga mota na ce ba ni shiga.

Sauran huɗun na nan suna haki a saman ruwa. Tsohon iccen ya sha mai ya toshe sarai. Na fere malaina, iska ta ƙi hita. Na fere rimi, sai ƙwayoyi manya-manya kamar tusar jaki a ruwa, ba su ɗaukar komi. Na gwada ɓargon kara, ya narke. Yanzu da ludayi nike ɗaga ruwan ina zubawa don su samu iska, ni da Hajiya muna karɓeɓeniya, ita da ko kallonsu ba ta yi da.

Ranar da na yi ƙaryar giwan ruwa, unguwa guda kunka bi ni da gudu. Yau da na roƙi guntun icce da gaske, ba wanda yat tashi. Na ji, ni na saya da kuɗina. Amma kifayen nan ba su sa kwaɗo a butar kowa ba.

Batun homa. Ka gaya wa Baba na ji, kuma na san ba shi faɗi shi canza. Ina son homar nan, kai ma ka sani, har da ita nike kwana shekarar da yab ba ni. Amma da bakinsa yak koya muna cewa wanda anka bar wa jirgi ba shi barinsa don an buga ganga a tudu. In na taho yanzu, na kama giwan ruwan da ta fi ta kowa, anka ɗaga hannuna gaban jama'a, ni na san abin da na baro shina ruɓewa a falon mutumin da yac ce mini zaɓi. A ba Tamba. Ba ni tahowa, ko kai kaz zo da kanka da igiya.

In za ka aiko iccen, aiko. In ba za ka aiko ba, kar ka ƙara wahalar da Dikko da wa'azi.

Hodi

*

Argungu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Daga Maigandi zuwa ga Hodi. Aminci ya tabbata gare ka.

Takardarka ta iso, na karanta wa Baba ita duk, wannan karon ban tsallake komi ba. Da na zo wajen kabari, Labbo da ke zaune wurin ya fashe da dariya. Baba ya dube shi sau guda, Labbo ya tashi ya tafi.

Munka yi azahar da Baba. Sannan ya ce in sake karanta masa wajen rimi da malaina. Na karanta. Ya ce, "Yaron nan jaki ne. Giyayya ai ta fi malaina tauri, ina iska za ta bi?" Ya ce in kawo masa sandarsa. Na ce ya faɗi abin da yake so in je, ya ce ni ban san shi ba, kai ma ba ka san shi ba, ba mu san komi ba sai cin tuwo. Da gwiwar nan ya sa na tuƙa shi a jirgi har ƙetare, wajen tsohon tafkin da kakanmu ke yanko abin da yake ɗaura wa koma don ta yi iyo. Ya sa na tono wata busasshiyar saiwa mara nauyi, fara fat a ciki. Ya yanka guntu, ya tsoma baki guda a ruwa, ya hura ɗayan. Hodi, na gani da idona. Ruwan ya yi fari kamar an zuba nono.

Guda shida ne a cikin tsumman da Dikko zai ba ka. Baba ya ce ka bi tsawon jijiya wajen huda ramin, kar ka gicciye ta, kuma ka jiƙa shi a ruwan gishirin naku ya sha kafin ka sa, in ba haka ba zai yi ta tasowa sama. Akwai kuma ƙullin yaji daga Goggo. Ba ta ce a faɗa maka komi ba, amma tun da ta komo ba ta ƙara sayen ƙuli-ƙuli ba.

Kar ka ɗauka wannan ya canza wancan. Jiya bayan la'asar, gaban mutanen unguwa, Baba ya sauke homarka ya miƙa wa Tamba. Na ce ya jira ko za ka sake tunani, ya ce ba za ka sake ba, kuma in ka sake ma ba ya son ganinka. Na kasa gane ko fushi ne ko mene ne, kai ka fi ni sanin irin wannan.

Jibi za a faɗa ruwa. Zan sauka da Tamba a gefena.

Wassalam.
Maigandi

*

Birnin Kebbi

Yaya,

Salamu alaikum, da gaisuwa cikakka wannan karon, kowa da rabonsa, Goggo kashi biyu.

Kumfa ta hau. Da farko ta yi hauka ta cika kofi da ruwa, na rage iska, na naɗe hannu. Yanzu tana hawa a hankali, baƙa ƙirin, Hajiya ta gudu daga falo saboda wari tana hamdala. Ruwa ya fara washewa. Huɗun duk sun sauka ƙasa, da safen ga sun ci abinci.

Dikko zai iso kafin ku sauka, don haka ka ja Tamba gefe ka gaya mishi: sandar hagu ta homar tana da taurin kai, ba ta rufewa daidai da ta dama. In babba ya shiga, shi fara kai hagun, sannan shi bi da dama, in ba haka ba zai tsere ta ƙasa. Kuma kar shi jingine ta a rana. Tashi ce yanzu, shi riƙe ta da kyau.

Ka durƙusa gaban Baba a madadina. Kar ka ce mishi na tuba, don ban tuba ba. Ka ce mishi dai suna numfashi.

Allah ya ba ku sa'ar ruwa.

Ƙanenka,
Hodi